Auren 'yar ƙasa bayan zama ba takarda a Amurka: yadda ake bi a samu girin kad, da aikin da ya rage wa mu na Legas

Gidaje da yawa a Agege da Idi-Araba da Mile 12 suna da wani nasu a Amurka wanda bizarsa ta mutu tun tuni, yana can Bronx ko Houston ko Maryland yana ta buga-buga, yana turo na cefane duk wata amma ko rasuwa aka yi ba ya iya zuwa, sai dai ta'aziyya ta waya. To ranar da labari ya zo cewa ya auri 'yar ƙasa sai ka ga an hau murna, wai shikenan takarda ta samu. A'a fa. Auren dama yake ba mutum ya nema, amma a ba shi ko a hana shi, wannan yana rataye ne a kan abu biyu da suka faru tun kafin ya haɗu da matar: yadda ya shiga ƙasar, da abin da ya taɓa faɗa wa gwamnatinsu a rubuce. Duk wanda ya fara cike fom bai zauna ya amsa waɗannan biyun tsakaninsa da Allah ba, zai iya kai kansa hannun masu kora da ƙafarsa, kuma da kuɗinsa.

Zan riƙa cewa "ka" ne saboda maza sun fi yawa a harkar, amma 'yar'uwa da ta auri ɗan ƙasa dokar ɗaya ce. Kuma wani ɓangaren maganar da mu na gida nake, don takardu da yawa daga nan ake haɗa su.

Ta ina ka shiga?

In da biza ka shiga, ta yawon buɗe ido ce ko ta karatu, jami'in imigireshin ya duba fasfonka a filin jirgi ya ce wuce, to kai ne mai sauƙin lamari. Dokarsu ta ɗauki mijin 'yar ƙasa a matsayin dangi na jiki, kuma irin waɗannan ana yafe musu zarce wa'adin biza, ana yafe musu aikin da suka yi ba izini, ko shekara goma suka yi a haka. Kana zaune a cikin ƙasar za ka nemi katinka na girin kad, wato izinin zama na dindindin, ba sai ka fito ba. Abin da za ka tabbatar kawai shi ne ta ƙofa ka shiga, shi ya sa tsohon fasfon nan mai tambarin shiga yake da daraja ko ya mutu ko ya yage, kar ka yar da shi. Akwai kuma rikodin shiga da suke kira I-94, tun 2013 a kwamfuta yake, da lambar fasfo ake ciro shi a shafin hukumar boda.

Amma ka lura, 'yar ƙasa na ce. Mace mai girin kad ba 'yar ƙasa ba ce tukuna, in ita ka aura tana iya shigar maka da buƙata amma yafiyar nan ta zarce wa'adi ba ta hau kanka ba, galibi sai an jira ta yi rantsuwar zama 'yar ƙasa sannan a ci gaba. Mutane suna rikita wannan sosai. Sannan akwai bizar da ko da aure ba ta gyaruwa daga ciki, kamar wanda ya shiga da bizar ma'aikatan jirgin ruwa ya sauka ya ɓace, da wanda ya shiga da bizar baiko ta K-1 ya bar wadda ta kawo shi ya auri wata. Wasu masu bizar J-1 ta musayar karatu da horo kuma akwai sharaɗin komawa gida shekara biyu a wuyansu, sai an ɗage shi.

In kuma ta ƙasa ka shiga, irin tafiyar nan ta Brazil ko Nicaragua a bi ta Mexico a tsallaka ba tare da wani jami'i ya duba ka ya ba ka izini ba, to lissafinka daban ne gaba ɗaya. Matarka za ta shigar da buƙata, a amince cewa auren na gaskiya ne, amma ba za a ba ka katin a ciki ba, dole ka fito ka yi intabiyu a ƙasarka, mu 'yan Najeriya kuwa a nan Legas ake yin bizar zama na dindindin, ofishin jakadancinsu na Walter Carrington a Victoria Island. Nan tarkon yake. Dokar da suka yi a 1996 ta ce wanda ya zauna ba izini sama da kwana 180 sannan ya fita, ba zai dawo ba sai bayan shekara 3, in zaman ya kai shekara ɗaya ko fiye, shekara 10. Kuma hukuncin ba ya hawa kanka sai ranar da ka bar ƙasar. Wannan ya shafi wanda ya shiga da biza ma, in ya ce bari ya leƙo gida ya gaida Hajiya kafin takarda ta fito, ya rufe wa kansa hanya da hannunsa. Iyaye ku daina matsa wa yara da "ka zo ko sati biyu ne", satin nan biyu zai iya zama shekara goma.

Mafitar da suka buɗe a 2013 ita ce fom I-601A, ka nemi yafiya tun kana ciki, sai an amince sannan ka sayi tikitin Legas. Sharaɗinsa ka nuna matarka, ko iyayenka in 'yan ƙasa ne ko masu girin kad, za su shiga matsanancin hali in aka raba ku, ko in ta ce za ta biyo ka Najeriya. Ba maganar kewa ake ba, kowace mace za ta yi kewar mijinta. Takardun asibiti suke so na ciwon da take fama da shi, bashin gida da ba za ta iya biya ita kaɗai ba, tsohuwarta da take jinya, yaro mai larura da ba zai samu irin makarantarsa a nan ba. 'Ya'yanka da aka haifa can ba a lissafa wahalarsu kai tsaye a wannan fom, sai ta yadda nauyinsu ke komawa kan uwar. Ana shafe shekaru ana jiran amsa. Kuma zaman ba izini kaɗai yake yafewa, in ka zo Walter Carrington jami'i ya tono wani laifin daban a fayil ɗinka, yafiyar ta rushe, kana Legas matarka tana can.

Wanda kuma ya zauna sama da shekara, ya fita, ya sake tsallakowa ta boda, ko aka kore shi ya dawo a ɓoye, wannan nasa ya fi na kowa muni, sai ya yi shekara 10 a waje kafin ma ya sami damar roƙon a bar shi ya nema.

In an kama ka a boda aka sake ka da wata takarda, kar ka yanke wa kanka hukunci, kai wa lauya ita ya karanta. Wata takardar izinin shiga ce na wucin gadi da suke kira farol, tana iya buɗe hanyar nema daga ciki, wata kuma sakin talala ce kawai kafin ranar kotu, ba ta buɗe komai. In kana da shari'a gaban alƙalin imigireshin, yawanci shi ne zai yanke maganar katin, kuma auren da aka ɗaura bayan an fara shari'a ana neman hujjarsa fiye da na kowa. In ka taɓa ƙin zuwa kotu, wataƙila an yanke maka umarnin kora ba ka sani ba, da lambar fayil ɗinka mai farawa da A ake dubawa a layin wayar kotun. Ka duba kafin ka tura komai, don a 2025 an ta samun rahotannin kama mutane a ofishin da suka je intabiyun aure. Shirin da Biden ya sanar a Yuni 2024 na bai wa mazaje da matan 'yan ƙasa da suka shiga ta boda damar nema daga ciki, kotu a Texas ta kashe shi a Nuwamba 2024, duk ajan ɗin da ya ce maka yana nan kuɗinka yake so.

Sai maganar siyasa, wadda ba a hannun kowa take ba. A farkon 2020 Trump ya hana 'yan Najeriya bizar zama na dindindin, Biden ya cire a Janairu 2021, a Disamba 2025 kuma aka sake saka Najeriya cikin jerin ƙasashen da aka taƙaita wa biza, Nijar ma tana ciki, nasu ma ya fi tsanani. Ma'anarsa ga mai shirin fitowa intabiyu ita ce ko yafiyarsa tana hannu kar ya hau jirgi sai lauyansa ya duba abin da ke ƙasa a wannan satin, ba abin da ya faru da wani abokinsa shekara uku baya ba.

Tsohuwar ƙarya

Wannan shi ke kayar da mutanenmu fiye da komai, kuma a nan Legas ake shuka shi. Saurayi ya je neman bizar yawo, ajan ya cike masa fom a kafe ya rubuta yana da mata da 'ya'ya uku da kamfani, don a ga yana da abin da zai dawo da shi gida, har a haɗa hoton biki da wata 'yar unguwa. Biza ta fito, kowa ya yi hamdala. Bayan shekara bakwai ya yi aure na gaskiya a can, ya rubuta bai taɓa aure ba, jami'i ya buɗe kwamfuta ya ce ina matarka ta Najeriya? In ya ce akwai ta, to auren yanzu ba aure ba ne a dokarsu sai ya kawo takardar rabuwa. In ya ce babu ta, ya amsa da bakinsa cewa da ƙarya ya karɓi biza, wannan kuma haramci ne na har abada sai an nemi wata yafiyar daban da fom I-601. Da yawa sai su kira gida a buga musu takardar saki ta bogi, wato su rufe ƙarya da ƙarya, alhali ofishin jakadancin yana iya tura bincike har rajistar kotun da aka rubuta sunanta. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Abin yi shi ne ka faɗa wa lauyanka komai tun ranar farko, shi ba ɗan sanda ba ne, sirrinka amana ce a wuyansa, kuma yana iya neman kwafin fayil ɗinka daga hukumomin ya ga abin da suka sani kafin ku tura ko shafi ɗaya. Yafiyar ƙarya tana yiwuwa. Takardar bogi in aka kama ta, da wuya a tashi.

Akwai ƙaryar da kusan ba ta da yafiya kwata-kwata: ka taɓa cewa kai ɗan Amurka ne, ko a fom ɗin ɗaukar aiki ne ka danna wancan akwatin, ko ka yi rajistar zaɓe wajen karɓar lasin tuƙi. Shiga da fasfon wani ma matsala ce babba. Haka kamun 'yan sanda, ko an sallami ƙarar sai ka kawo takardar yadda ta ƙare. Wiwi kuma, ko jihar da kake ta halatta shi a dokar tarayya laifi ne, imigireshin kuwa na tarayya ne.

Auren kansa

Ɗaurin aure a masallaci can, da sadaki da shaidu, ya halatta muku zama a addini amma shi kaɗai bai isa takarda ba. Ku je ofishin gunduma ko na birni ku karɓi lasin aure, liman ko alƙali ya sa hannu, a mayar a yi rajista a ba ku satifiket. Ba a buƙatar girin kad kafin a ba mutum lasin aure, fasfo ya wadatar a yawancin wurare.

Ga kuma abin da mu muke yi kullum ba mu ɗauke shi komai ba. Wata hajiya a layinmu ta tare ni da murna ta ce, "Malam, an ɗaura na Yaya ran Asabar bayan la'asar, kawunsa ne ya karɓa masa, yanzu sai a tura takardar liman ko?" Na ce, "Hajiya, amarya da ango suna wurin?" Ta ce ina, shi yana can ita ma tana wata jihar, wakilai ne suka tsaya, an raba goro da dabino. To a wurinmu aure ya ɗauru sarai. A dokar imigireshin ta Amurka kuwa auren da ango da amarya ba su halarta tare ba, ba a ɗaukarsa aure sai an nuna sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Tunda duk suna can, mafi sauƙi su je su yi na rajista a inda suke, na Agege ya zama na albarka da hotuna.

Sai babbar magana, uwargida. Amurka ba ta yarda da mace fiye da ɗaya ba, in kana da mata a gida auren can bai inganta ba sai na farko ya ƙare a hukumance kafin ranar ɗaura na biyu, ba bayanta ba. In a rajista kuka yi, irin na Ikoyi, babbar kotun jiha ce kaɗai ke raba shi, takardar wata ƙaramar kotu ba ta aiki. In na Musulunci ne, a nemi tabbacin sakin daga kotun da ke da hurumi a garin da abin ya faru, ba 'yar takardar da ka rubuta da biro ba. Ni dai ra'ayina, masu cewa a yi "saki na takarda" a ci gaba da zama kamar ba a yi ba, suna wasa da abu biyu ne a lokaci ɗaya. Malamai sun karantar da mu cewa aure da saki da kome ba a wasa da su. Su ma hukumomin can sun san salon, in suka ga kana tura mata kuɗi a matsayin mata ko ta haihu bayan ranar sakin, sun gane. Kuma wanda ya sami kati ta aure, in ya rabu da Ba'amurkiyar ya ce zai ɗauko wata matar kafin shekara 5, sai ya sake tabbatar da cewa auren farko ba na takarda ba ne. Baiwar Allah tana Agege da yara tana jira, a faɗa mata gaskiyar abin da ake ciki tun farko.

Auren kwangila kuwa, a biya mace ta sa hannu, hukuncinsa ɗauri har shekara 5 da tara har dala 250,000, kuma in aka rubuta a fayil ɗinka cewa ka taɓa yi, ba wanda zai sake shigar maka da buƙata har abada, ko daga baya ka yi auren gaskiya da 'ya'ya biyar. Bar ma hukuma, wadda ka biya ta san wuyanka yana hannunta, kuɗin ba ya ƙarewa.

Fom da kuɗi

Ga wanda ya shiga da biza, tare ake tura komai wa hukumar imigireshin ta USCIS. Matar ta cike I-130 wanda shi ne buƙatar da take shigar maka, kai ka cike I-130A da I-485 wanda shi ne neman katin, ga I-765 na izinin aiki kafin katin ya fito, ga gwajin lafiya I-693 wurin likitan da hukumar ta amince da shi, zai ba ka a rufe cikin ambulan kar ka buɗe. Farashin da aka sa tun Afrilu 2024: I-130 dala 675 a takarda, I-485 dala 1,440, izinin aiki 260, izinin tafiya I-131 dala 630, I-601A kuma 795 ga mai buƙatarsa. Ban da likita da lauya. A duba shafin hukumar ranar da za a tura, don in kuɗin ya gaza ko fom ɗin tsohon bugu ne dawo da shi suke yi.

Wanda ake rainawa shi ne I-864, inda matar ke ɗaukar nauyinka. Dole samunta ya kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talauci na gwamnati gwargwadon yawan mutanen gidan, da takardar harajinta. In bai kai ba a nemo wani ɗan ƙasa ko mai girin kad ya tsaya tare da ita. Wanda za a roƙa ya sani alkawari ne da kotu ke iya tilastawa, ko an rabu yana nan, sai ka zama ɗan ƙasa ko ka cika kimanin shekara goma na aiki da biyan haraji. Shi ya sa in wani Alhaji a can ya ƙi sa maka hannu kar ka ce baƙin ciki yake yi.

Lauya kuma a tabbata lauya ne mai lasi a wata jiha ta Amurka, ko wakilin wata ƙungiya da ma'aikatar shari'arsu ta amince da shi, wanda zai sa hannu a fom G-28 da sunansa. Mai shagon cike haraji da ke "taimaka wa 'yan Afirka" ba lauya ba ne, in abu ya lalace sunansa ba ya ko'ina a takardar. Ajan na nan Legas kuwa ba shi da abin yi a wannan harka ko kaɗan.

Aikinmu na gida

Takardar haihuwa daga hukumar ƙidaya ta ƙasa, wanda aka haifa kafin 1992 galibi takardar shaida suke bayarwa bisa rantsuwar wani babba a gidan. A nan ne a buɗe ido. Fasfo ya ce Mohammed, takardar makaranta ta ce Muhammadu, ta haihuwa ta fito da Muhammad, ranar haihuwa kuma ɗaya 1 ga Janairu ɗaya wata rana daban, sunan mahaifiya an rubuta laƙabin da ake kiranta da shi a gida. Kafin a biya kowa, a sa ya turo hoton shafin fasfonsa, a rubuta komai harafi da harafi yadda yake a ciki. In akwai saɓani na gaskiya a faɗa wa lauya ya yi bayaninsa, kar a je a "gyara" da sabuwar ƙarya. Duk takardar da ke cikin Hausa ko Larabci ko Faransanci sai an fassara ta gaba ɗaya zuwa Turanci, mai fassarar ya sa hannu cewa ya iya harsunan biyu.

Takardar 'yan sanda ta Alagbon, mai nema daga cikin Amurka ba ya buƙatarta, kar a ɓata kuɗi. Wanda zai fito intabiyu Legas ne zai yi ta, shi ne kuma zai bi ta cibiyar biza ta NVC ya cike DS-260 a intanet, ya yi gwajin lafiya a asibitin da ofishin jakadancin ya zaɓa ba wanda ya ga dama ba. Ranar intabiyu a tafi da asalin takardu, a fita da asuba saboda gadar Third Mainland ba ta san kana da alƙawari ba, waya kuma ba ta shiga.

Yaran da ya bari a gida, a rubuta sunan kowannensu a fom ko ba yanzu za a ɗauke su ba. Ɗan da aka ɓoye yau, gobe da wuya a ce naka ne. In an ɗaura auren kafin yaro ya cika 18, matar tana iya shigar masa da tasa buƙatar a matsayin ɗan miji, kowane yaro da I-130 ɗinsa, wani lokacin har da gwajin DNA don a tabbatar ɗanka ne.

Intabiyu

Abin da jami'i ke nema ɗaya ne, shin mutanen nan rayuwa suke yi tare? Hoton biki shi ne mafi raunin hujja, kowa na iya ɗinka shadda ya tsaya gaban kyamara. Abin da ke da nauyi shi ne takardar haya da sunanku biyu, asusun banki ɗaya da ake cefane da shi da gaske ba wanda aka zuba dala ɗari aka manta ba, harajin da kuka cike a matsayin ma'aurata, inshorar lafiya da ta mota, takardar haihuwar ɗanku in akwai. Mu ba mu saba haɗa asusu da mata ba, na sani, amma a can rashinsa tambaya yake jawowa, ku fara tun watan farko. Ka kuma gabatar da ita ga danginka, ta riƙa gaisawa da Hajiya ta bidiyo, don mijin da uwarsa ba ta san ya yi aure ba abin zargi ne.

In suka yi shakka sai su raba ku ɗaki daban-daban su yi muku tambaya iri ɗaya: wa ya fara tashi yau, me kuka ci jiya da dare, ta wane gefen gado take kwana, wace rana ake kwashe shara, ina kuka yi sallar layya, sunan ƙanwarta. Wanda ke zaune da matarsa ba ya buƙatar hadda. In ba ka tuna ba ka ce ban tuna ba, ya fi ka ƙirƙira. Suna iya zuwa gida ba sanarwa su ga ko kayanka na ɗakin. In kun tashi daga gida a sanar da hukumar cikin kwana 10 da fom AR-11, wasiƙar intabiyu da ta tafi tsohon adireshi ta kashe fayil da yawa. Kuma muddin I-485 na jira, fita ƙasar ba tare da izinin tafiya ba daidai yake da janye buƙatar, ko da izinin ma a tambayi lauya kafin a tafi ko Umra ce.

Bayan katin ya fito

In aurenku bai cika shekara 2 ba ranar da aka amince, katin shekara 2 za a ba ka mai sharaɗi. Cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya mutu ku tura fom I-751 na cire sharaɗin tare, dala 750, da sababbin hujjoji na zaman da kuka yi, sannan a ba ka na shekara 10. Kar a daina tara takardu don an ga kati a hannu. Bayan shekara 3 da katin, in har kuna tare, kana iya neman zama ɗan ƙasa, in kun rabu sai 5.

In auren ya lalace a tsakani ba shikenan ba ne. Wanda ya yi aure da gaskiya aka rabu yana iya tura I-751 shi kaɗai da takardar kotu ta rabuwa da hujjar cewa sun zauna. In matar ta rasu akwai hanyar nema cikin shekara 2. Wadda mijinta ke dukanta yana mata barazana da "zan kira imigireshin", ko namijin da ake yi wa haka, dokar kare mata daga cin zarafi ta 1994, wadda suke kira VAWA, ta ba su damar nema da kansu da fom I-360 ba tare da mai cutarwar ya sani ba, maza ma suna ciki duk da sunan dokar na mata ne. 'Yan'uwanmu mata musamman, in kun ji ƙanwarku a can tana cewa haƙuri take yi saboda takarda, ku faɗa mata wannan, ta adana saƙonnin barazanar da takardun asibiti da rahoton 'yan sanda a wurin wata aminiyarta ba a cikin gidan ba, sannan ta nemi lauya ko ƙungiyoyin da ke yin irin wannan aiki kyauta.